Malama Kuramochi, Wadda Ta Sa Ajinmu Rufe Ido

Ranar Laraba, ashirin da shida ga watan Maris, mahaifiyata ta dawo daga cefane ta tsaya a bakin ƙofa, ko takalmi ba ta cire ba, ta ce mini Malama Kuramochi Fumie ta rasu. Faɗuwa ta yi a lambun bayan gidanta da hantsi, kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa. Bai fi mako guda ba da ta tsaya a gaban zauren taron makaranta tana kiran sunayenmu a bikin gama firamare.

Malama, ni ce Sayo, 'yar gidan Iwabuchi mai ɗinkin komar kamun kifi. An nemi in karanta wani abu a wajen jana'izarki, na kasa. Na san ba za ki yi mamaki ba. Shi ya sa na rubuta.

A gida ina magana, har kakata takan ce rediyo ma yana hutawa, ni ba na hutawa. Amma tun ina aji ɗaya, da zarar na canza takalmin gida da na aji a ƙofar makaranta sai muryata ta ɗauke. Maganar tana nan a cikin kaina, ina jin ta, amma in ido ya sauka a kaina sai ta ƙi fita. Abin da na fi tsoro shi ne aikin rana, wanda ake yi bi da bi, a rubuta sunan mai shi a gefen allo. Goge allo ba komai ba ne, buɗe tagogi ma haka. Amma in masu rabon abinci sun gama zuba wa kowa, mai aikin rana ne zai tsaya a gaban aji ya ce a haɗa hannu, ya faɗi kalmar godiya, aji ya amsa. Kafin nan ba mai taɓa tsinken cin abinci.

Ina aji biyu na taɓa tsayawa a wurin nan har miyar miso, wadda ake yi da waken soya, ta daina tururi. Mizuho, 'yar ajinmu wadda ba ta iya riƙe bakinta ba, ta ce, "Sayo, yi sauri mana, kafin kifin nan ya farfaɗo ya koma teku." Aka yi dariya. Daga ranar malamai suka riƙa tsallake sunana. Don tausayi suke yi, na sani. Na samu sauƙi, amma duk ranar da alli ya tsallake ni sai in ji kamar kujerata babu kowa a kai.

A aji biyar kika karɓe mu. Wata rana lokacin shara kika same ni a bayan zauren wasanni ina yi wa zomon makaranta faɗa saboda ya zubar da ruwansa. Da na ji tafiyarki na katse faɗan. Ba ki dube ni ba. Kika juya mini baya kika ci gaba da share ganye, can kika tambaya, kamar da bango kike magana, ko zomon yana cin ganyen karas. Na ce yana ci, amma ya fi son kabeji. Sai da na faɗa na gane na yi magana. Na jira ki juyo ki yabe ni, ki kira sauran malamai, abin ya lalace. Ba ki juyo ba. Kika ce to, gobe za ki kawo kabeji, kika yi gaba da tsintsiyarki.

Mako na gaba kika kawo sabuwar doka. Kika ce daga yau in an haɗa hannu kafin cin abinci, kowa zai rufe ido, don mu tuna da wanda ya shuka shinkafar da wanda ya shiga teku da sanyin safiya. Wanda ya leƙa shi zai wanke kwalayen madara na duk aji. Mizuho ta ɗaga hannu.

"Malama, in ke ma kin rufe ido, ta yaya za ki san wanda ya leƙa?"

"Ina jin ƙarar fatar idonki, Mizuho. Kamar tsohuwar ƙofa take."

Kullum haka aka riƙa yi, ko wane ne mai aikin rana, har muka saba. Sai wata safiya na ga sunana a gefen allo da rubutunki. Ban ji komai daga darussan ranar ba. Da lokaci ya yi na fita gaba. Kika ce a madadina a haɗa hannu, aji ya rufe ido, ke ma kika rufe. Na duba, babu ido ko ɗaya. Fuskoki ne kawai, kamar na masu barci a jirgin ƙasa. Na daɗe a tsaye. Ba wanda ya motsa. Daga ƙarshe muryar ta fito, ba ta fi kukan sauro ba, aji ya amsa da ƙarfi aka hau ci. Na saci kallonki, ina tsoron abin da za ki ce. Kika kurɓi miya kika ce yau gishiri ya yi yawa.

Shekara biyu kika yi da mu, ba ki taɓa tsallake sunana ba, ba ki kuma taɓa cewa in ɗaga murya ba.

Ranar bikin gama firamare kika ja ni gefe, kika tsaya kusa da ni muna kallon fili, kika ce kada in damu da sakandare. Kafin a buɗe a watan Afrilu za ki je da kanki ki yi magana da sabon malamina, domin irin wannan bayanin ba ya shiga takarda. A wajen jana'iza, bayan mun ƙona turare, maigidanki ya tambaya wace ce Sayo a cikinmu. Na ɗaga hannu. Ya sunkuyo ya ce ranar Juma'a kika shirya zuwa sabuwar makarantarmu, har kin sa ya duba miki lokacin bas.

Malama, tun daga ranar abinci bai ƙara yi mini daɗi ba. Ina kewarki, amma gaskiya tsoro ya fi kewar yawa, kuma ina jin kunyar hakan.

A sabon aji mu biyar ne kawai daga makarantarmu, sauran ban taɓa ganinsu ba. Sabon malaminmu, Malam Tonegawa, mutumin kirki ne mai babbar murya, bai san komai a kaina ba. Mahaifiyata ta ɗauki waya za ta kira shi, na riƙe hannunta. Na san abin da zai faru in ta kira: zai tausaya, ya tsallake sunana, in koma yadda nake kafin ki zo. In kuma ba ta kira ba, zan tsaya a gaban baƙi har miya ta huce. Ban san wanne ya fi ban tsoro ba. Kowace safiya ina kallon gefen allo, sunaye suna matsowa.

Jiya aka zo kaina. Aka gama rabo, na fita gaba. Idanu ko'ina. Maganar ta ƙi fita kamar ban taɓa saninki ba. Ina jin wani yana buga ƙafa a ƙasa, Malam Tonegawa yana yi mini murmushi yana cewa in fara. Abin da na iya kawai shi ne na haɗa tafukan hannuna.

Sai na ga huɗun nan da muka zo tare daga makarantarmu, har da Mizuho, kowa a kujerarsa, sun haɗa hannu sun rufe ido. Ba su yi shawara ba, sabo ne kawai. Wani dogon yaro mai suna Kengo ya dube su ya yi dariya.

"Su kuma waɗannan fa? Mutuwa aka yi?"

Mizuho ba ta buɗe ido ba ta ce, "E, mutuwa aka yi, malamarmu ce. Rufe idonka, mai surutun banza, ka bari mutane su ci abinci."

Malam Tonegawa ya dubi Mizuho, ya dube ni, sannan ya haɗa hannuwansa ya rufe ido. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Kengo ne na ƙarshe. Na tsaya ina kallon fuskoki har numfashina ya dawo, na faɗi kalmar. Ban sani ba ko na bayan aji sun ji, amma sun amsa.

A hanyar gida na tambayi Mizuho, ina kallon ƙasa, ko ta san dalilin da ya sa kika kafa dokar nan. Ta ce duk ajinmu sun gane tun makon farko, ni kaɗai ce na yarda don manoma ake yi. Ta ce ba ki taɓa faɗa musu ba, su ma ba su taɓa tambayarki ba.

Tsoron bai tafi ba, Malama. Aikin rana zai sake zagayowa, akwai karatu a tsaye, akwai malaman da ban ma gamu da su ba. Ban san ko gobe Kengo zai rufe ido ba. In kina nan da na same ki a bayan zauren wasanni, ki juya mini baya in faɗa miki duka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, Malam Kuramochi, da 'yarki Natsume da ta zo daga birnin Sendai, da mahaifiyarki da kike kula da ita. Ku yi haƙuri ban iya faɗa muku da baki ba ranar nan. Ina roƙon zukatanku su samu sanyi.

Ke kuma Malama, rahama ta lulluɓe ki, hanyarki ta yi sauƙi, ki samu hutu a inda kika tafi. Yau da safe na kunna miki turare a gida, na haɗa hannu, na rufe ido. Na faɗa miki na gode, da murya. Kakata tana kicin, ta ce ta ji.