Ranar da Na Bi Mai Hoto Har Gashuwa

Ni da kuke gani, ban taɓa kallon ɗan farina ido da ido ba. Haka aka haife mu, haka muka tashi. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zura masa ido a gaban mutane.

Shekarar da aka kwashi samari zuwa yaƙin Boma, har da shi. Na je tashar jirgin Nguru da kwandon bandar kifi a ka, wai talla. Ƙarya ce, rakiya na je.

A nan na ga wani Bature mai hoto, siriri, akwati rataye a wuya, ba ya tsayawa wuri ɗaya kamar kaza mai neman wurin ƙwai. An ce duk inda ake harbi can yake zuwa, shi ba bindiga, sai akwatin. Wani ɗan gulma ya nuna masa ni.

Baturen ya matso da gurguwar Hausarsa, "Mama, ɗanka ne? Duba shi. Riƙe hannu."

Na ce, "Bature, a garinku haka ake yi? To nan ba a yi."

Mata suka kwashe da dariya. Na juya fuska wajen buhunan gyaɗa. Na ji akwatin ya yi ƙyas, ya sake yin ƙyas. Jirgi ya yi kuka ya tafi.

Na koma gida, zama ya gagara. In ɗauki tsintsiya in ajiye, in hura wuta in bar ta. Na nemi fuskar yaron a zuciyata, sai ƙeyarsa nake gani, sai tafiyarsa. Sai na tuna: hoto ai takarda ne, takarda kuwa ba a jin kunyarta.

Aka ce Baturen ya wuce Gashuwa, inda ake ɗibar wasu samarin. Na hau motar gyaɗa da za ta koma babu kaya, hanjina ya kusa fitowa. Na same shi a bakin kogi yana ɗaukar masunta.

Na ce, "Ba ni yaron nan."

Ya ce yana cikin akwati, in an buɗe haske zai cinye shi. Sai an kai Ikko an wanke, a buga a jarida.

"To miƙo akwatin."

Ya cire shi daga wuya, ya miƙo. Na ɗora shi a cinya, da ɗuminsa na rana. Babu wanda ya san ni a bakin ruwan nan, sai na sunkuya na kira sunan, sau ɗaya, a hankali.

Yaron bai dawo ba. Baturen ma ban sake jin ɗuriyarsa ba. Karatu ban iya ba, amma har gobe duk jaridar da aka ƙunso mini tsire ko ƙosai a ciki, sai na warware ta, na shafe man, na duba fuskokin ɗaya bayan ɗaya.