Da Raina Suka Fara Neman Yafiya

Likita ya gaya wa mijina cewa ina da ciwon daji a nonon hagu, ni bai gaya mini ba. Mijina ya gaya wa wansa, wan ya gaya wa matarsa, kafin kwana uku duk matan layinmu a Agege sun sani. Ni mai nonon ce ta ƙarshe da ta ji. Na yafe abubuwa da yawa a rayuwata, amma wannan har yau ban manta ba.

Tuwo nake sayarwa a lokacin, a bakin layin dogo, 'yan dako da masu goro ne masu cin abincina. Ba a daɗe da soja suka sauka daga mulki ba. Wajen wanka na fara jin ƙullutun, kamar ƙwallon dabino, ba zafi ba ƙaiƙayi. Na bar shi wata huɗu don ba ya ciwo. Wannan laifina ne, ba na ɗora wa kowa. Sai da fatar wurin ta fara lotsawa muka je babban asibiti, suka soka allura suka ɗebi abin da za su ɗiba, suka ce mu dawo bayan sati biyu.

Ranar da muka koma, likitan ya dubi lulluɓina, ya dubi Malam, wato mijina, ya ce da Turanci ni in jira a waje. Na ji abin da ya ce sarai. Na kuwa tashi na fita, ni da ko ɗan sanda ba ya ɗaga mini murhu ban tanka ba. Na zauna a benci ina kallon silifas ɗin mutane. Da Malam ya fito yana ta gyara hular da ba ta karkace ba, ya ce, "Maruru ne ya yi ciki. Hutu suka ce kina buƙata."

Daga ranar gidan ya canza. Shekara ashirin da uku da aurenmu Malam bai taɓa ɗaukar mini bokiti ba, sai ga shi yana kai mini ruwa banɗaki. Ya dawo da tsire kwana uku a jere. A na huɗu ya ce ya yanke shawara in tafi gida, ƙauyenmu a ƙasar Katsina, in huta wajen tsohuwata. "Kin ga garin nan ba lafiya," in ji shi, "mutane sai ɗaure kaya suke yi." Gaskiya ne, an yi rikici a kasuwa a watannin nan, kowa a tsorace yake. Ya ce ranar Laraba zan bi mota. Na ce to, har na fara cusa kaya a jaka.

Mu mutanen arewa da ke Legas muna da al'ada: in ciwo ya ci ƙarfin mutum, sai a ce a kai shi gida a gwada na Hausa. Kowa ya san ma'anar, ba mai faɗa. Ni kaina na raka mata uku tasha, na riƙe musu ƙunshi, na ce sai kun dawo. Ba wadda ta dawo. Amma da nawa ya zo ban gane shi ba, don ba na jin ciwon komai, tuwona nake tuƙawa da hannu biyu.

Mata suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ta ce in yafe mata kwanon da ta fasa mini, waccan ta ce in yafe mata maganar da ta taɓa yi a gidan suna. Na ɗauka sallamar tafiya ce. Sai ranar Litinin bayan la'asar maƙwabciyata mai waina ta yi sallama. 'Yar Maraɗi ce, shekara shida ba ma ga maciji da ita saboda ruwan wanke-wankenta da ke bi ta ƙarƙashin murhuna. Ta ajiye kwanon waina, ta zauna a gefen tabarma kamar baƙuwa.

"Maƙwabciya, abin da ya shiga tsakaninmu, don Allah ki yafe mini."

Na ce, "Ke? Ke da kika rantse ko gawata ba za ki zo gani ba?"

Sai ta fashe da kuka. "Wallahi da na san abin da lokotoro zai ce, da ban faɗa ba." Lokotoro suke ce wa likita a can wajensu.

"Me ya ce?"

Ta rufe baki da gyale, ta tashi ta fita, ko takalmi ba ta sa daidai ba.

Babbar rigar da Malam ya sa ranar asibiti tana rataye a ƙusa. Na zura hannu a aljihu, na ciro takarda a ninke huɗu, duk ɓarɓashin goro. Abin da likitan bai sani ba, Malam kuma ya raina, shi ne ina da shekara talatin da tara na shiga ajin manya. Kullum da yamma in na sauke tukunya sai in tafi, hannuna yana warin daddawa, ina koyon riƙe biro yara suna leƙe suna dariya. Shekara huɗu na yi. Ba na karatu da sauri, amma ina yi. Na ga sunana. Na gane kalmar hagu. Na gane sunan ciwon, don malamarmu ta taɓa rubuta shi a allo ranar da wata nas ta zo yi mana bayani. A ƙasa an rubuta ranar da za a kwantar da ni a yi aiki: Alhamis, ƙarfe takwas na safe. Sai wani layi da aka bari fili, na sa hannu. Motata kuwa Laraba za ta tashi.

Na shiga banɗaki na sa sakata, na kwance zane na tsaya ina kallon nonon. 'Ya'ya bakwai ya shayar, biyar suna raye, kuma shi ne ma mai yawan ruwan. Ban san lokacin da na fara zaginsa ba, a hankali don kada a ji. Daga nan na durƙusa a kan siminti na yi amai. Gwaggota na tuna. Irin wannan ciwon ne ya kashe ta a ƙauye ina budurwa. Aka yi ta shafa mata ƙulli, ana turara ɗaki don wari, har ya zama ba mai iya shiga sai tsohuwata. Ɗakin nan ne aka ɗaure mini kaya in tafi.

Na bari Malam ya dawo daga sallar magariba, na ajiye masa tuwo, na ajiye takardar kusa da kwanon.

"Wa ya ce ki taɓa mini riga?"

"Ni nake wanke ta shekara ashirin da uku, Malam. Yau ne taɓawar ta zama laifi?"

Ya janye hannu daga kwanon. Ya ce yankewa za su yi, gaba ɗaya, shi kuwa ba zai sa hannu a yanka matarsa kamar rago a kasuwar Alaba ba. Ya ce Yaya ya san wani mai magani a gida.

Na ce, "Yayan naka nono gare shi?"

"Ki ji tsoron Allah."

"Shi nake tsoro. Ni ya ba amanar jikin nan, ba Yaya ba."

"Mace ta koma ga Ubangijinta da rabin ƙirji?"

"Ƙasar da za ta ci, ina ruwanta da ɗaya ko biyu?"

Na zaci zai ɗaga murya, da na fi son haka. Sai ya sunkuyar da kai, na ga hawaye yana ɗiga a kan tabarma. Ya ce, "Likitan bai ce za ki warke ba. Cewa ya yi za su gwada. Bayan yankan akwai wani ruwa da za su riƙa ɗura miki, har gashi ya zube. In kika sha duk wannan wahalar kuma kika mutu a nan, a hannun baƙi, me zan ce wa tsohuwarki?"

Ni ma ban san ko zan tashi daga gadon ba. Ina tsoron wuƙar, ina tsoron in farka in shafa in ji wayam, ina tsoron idon matan layi a kan ƙirjina. Tsoron bai bar ni ba har yau da nake rubutun nan da nono ɗaya, musamman duk watan da zan koma a duba ni. Abin da na sani kawai a ranar shi ne ɗakin Gwaggo na san ƙarshensa, na asibiti kuwa ban sani ba tukuna.

Washegari Talata, ina idar da sallar asuba ban hura wuta ba. Na buɗe jakar tafiya na ciro zane biyu da bironi na aji, na soke takardar a lalitata. Malam yana tsaye a ƙofa da buta a hannu. Na ce masa zan je likitan nan ya dubi idona ya faɗa mini da bakinsa, layin da aka bari fili kuma na iya rubuta sunana a kai.

Na buga ƙofar 'yar Maraɗi. Ta leƙo da ƙullun waina a hannu.

"Yafiyar da kika nema ban bayar ba tukuna. Ɗauko gyalenki."

"Ina za mu?"

"Wajen lokotoron naki. In jiri ya kwashe ni a Oshodi, a samu wanda ya san inda za a kai ni."

Ta goge hannu a zane ta ja ƙofa. Na bar jakar arewa a buɗe a tsakar ɗaki, muka tsallake layin dogo muka nufi bakin titi neman danfo, motar hayar Legas.