Ba Malam Bitrus Ne Ya Kashe Kifin Tafkinmu Ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Malam Bitrus, amma har yau a ƙauyenmu in hira ta biyo ta kan tafki sai ka ji wani ya ce tun da malamin nan ya tace ruwan, kifi bai sake albarka ba. Ni kuwa ina zaune a wurin, sai in sunkuya in kama gyaran takalmin da ba abin da ya same shi. Bana dai na gaji. Ba shi ya kashe kifin ba, ni Lawali ne na kashe, kuma mutumin nan abokina ne.

Malamin kimiyya ne da aka turo makarantar sakandaren da ke kusa da mu, can wajen Nasarawa Burkullu. Mutumin Filato ne, Kirista, ya kama haya a gidan kawuna shi da matarsa, Maman Rifkatu. Kwano ɗaya muke cin tuwo. Ina yi wa Hausarsa ta Jos dariya, shi kuma yana yi mini tsiyar cewa albasa ta hana ni karatu.

Duk Asabar yakan ɗaura wani lallausan ƙyalle a zoben waya, ya ja shi a saman tafki, ya juye abin da ya tara a kwalba ya kai wa ɗalibansa. Wata rana ya ɗiga ɗigo ɗaya a ƙarƙashin madubin makaranta mai ƙara girman abu, ya ce in leƙa. Wallahi sai da na ja da baya. Ga wasu korayen ƙwayoyi birjik, ga wasu masu ƙafafu suna ta iyo a tsakaninsu. Na rantse na bar shan ruwan tafki, ya yi dariya har da riƙe ciki.

Sannan ya zaunar da ni. Ya ce koren nan da muke kira datti shi ne hatsin ruwa. Shi ke karɓar hasken rana ya mai da shi abinci, masu ƙafafun su ci shi, 'ya'yan kifi su ci masu ƙafafun, tarwaɗa ta ci 'ya'yan kifi, ni kuma in ci tarwaɗa da yaji. A kowane hawa mafi yawan ƙarfin ɓacewa yake yi, shi ya sa sai kore ya yi yawa sosai kafin a sami kifi ɗaya na kirki. Ya ce haka abin yake har a teku, inda koren ke taruwa a sama wurin da rana ke kaiwa, da bakin koguna inda ambaliya ke zubo da taki, kuma can masunta ke dafifi. Tsakiyar teku mai shuɗin nan mai kyan gani, in ji shi, yunwa ce a cikinta. Bai taɓa ganin teku ba sai a littafi, amma in yana ba da labarinta sai ka ce a can aka yanke masa cibiya.

Duk na ji wannan da kunnena, shi ya sa ba ni da uzurin jahilci.

Wata shekara da rani na sayi injin ban ruwa don albasata da ke bakin tafki. Kullum gansakuka ta toshe mini tiyo. Al'adarmu kuwa, da zarar damina ta ɗauke sarkin ruwa yakan rufe tafkin, ba mai jefa ko ƙugiya sai ranar da ya buɗe shi da bazara, gari duka a shiga su. Ranar kasuwa, da rana tsaka, ba kowa a fadama, na ɗauki ragowar galan ɗin maganin ciyawa na tuttule a ruwan, na wurga galan ɗin cikin geza. Ban yi nufin kifi ba, tiyona kawai nake ji.

Kafin mako ya zagayo ruwa ya yi garau, mata suna murna ana hango ƙasa. Sai kifi ya fara tasowa ciki a sama. Ranar buɗe tafki maza suka shiga da homa da gora, suka fito kusan hannu wofi. Aka taru a ƙofar sarkin ruwa, aka kira Malam Bitrus.

"Malam," in ji sarkin ruwa, "kowa ya gane ka kana tatar ruwan ga da ƙyalle. Ƙwan kihi na kak kwashe. Daga yau kak ka koma taɓa tafkin ga."

Ya yi ƙoƙarin bayani, hayaniya ta danne shi. Ya juyo ya dube ni sau ɗaya. Kun san abin da na ce? Cewa na yi, "Malam, ka yi haƙuri ka bi maganar manya." Ba maganar da na taɓa yi a rayuwata da nake jin kunyarta kamar wannan.

Daga nan aka laƙaba masa Mai Rariya, mata suka daina kai wa matarsa ɗinki. Shekara ba ta cika ba ya nemi a mai da shi Gummi. Bayan shekara huɗu ciwo ya kwantar da shi, ya rasu. Na je gaisuwa, na ci abincin gidan, na dawo da bakina a rufe.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Yanzu kowane manomi da tankin feshinsa a baya, kuma a bakin tafkin nan ake wanke su, ba mai cewa uffan. Ina jin da ransa ya ɓaci, amma ba zai yi faɗa ba, kwalba zai ɗauko. Kwanaki 'yata ta nuna mini hoton teku a waya, wanda aka ɗauka daga sama, ga koren nan ya yi layi a gefen gaɓa daidai yadda ya faɗa. Na so a ce shi aka miƙa wa wayar. Akwai kuma wani tsohon ɗalibinsa da ke kiwon kifi a Gummi, da gangan yake zuba takin kaji a ruwa don ya yi kore, kuma in an tambaye shi ba ya ɓoye wanda ya koya masa. Ilminsa dai yana ciyar da mutane. Sunansa ne ban mayar masa ba, kuma Juma'ar nan zan tsaya a ƙofar masallacin ƙauyenmu in faɗi abin da na rubuta a nan.

Kafin in yi haka na ga ya kamata Maman Rifkatu ta fara ji. Watan jiya na same ta a Gummi a kan keken ɗinkinta, na zauna a ƙasa na faɗa mata komai. Ta tsayar da keken, ta juyo gare ni.

"Lawali, ai ya sani," ta ce. "Tun kafin a kira shi ya tsinci galan ɗin a cikin geza, da sunanka a jiki. Gida ya kawo shi ya binne a bayan ɗaki. Na yi ta kuka ya je ya nuna musu, ya ƙi. Ya ce mu baƙi ne, muna da inda za mu koma, kai kuwa a garin nan za a binne ka."