Malam Isiyaku, Mai Duba Saiwar Wake

Ina gindin rumbu ina gyara ƙotar fartanya, wani mai babur daga Kazaure ya tsaya ya ce Malam Isiyaku malamin gona ya rasu da asuba. Na ajiye fartanyar, na yi salati. Na Allah muke, wurinSa za mu koma.

Sa'an ɗana ne, amma shi ya hana gonar ubana fita daga hannuna. Gonar tana gindin dutse a ƙasar Roni. Ta gaji, gero ko ƙugu ba ya kaiwa. 'Ya'yana suka matsa a bar wa masu ɗiban ƙasar bulo, na ce sai bayan raina. Hujja kuwa ba ni da ita, gardama ce kawai.

Ran da ya fara zuwa bai kula ganye ba. Durƙusawa ya yi ya tono gindin wake da hannu, bai kakkaɓe ƙasar da ta manne wa saiwar ba. Na ce, "Malam, wasan ƙasa aka aiko ka?"

Ya yi dariya ya ce, "Baba, gonarka ba ta mutu ba. Akwai halittu a nan da ido ba ya gani, kuma kowane irin wake da baƙin da yake tarawa a saiwarsa. Wani mai karɓar baƙi ne, wani marowaci."

Na ce ban yarda ba, bai ji haushi ba. Ya sa farce ya fasa ɗan ƙullin da ke jikin saiwar, ya ce, "In cikinsa ja ne, suna aiki, suna ciyar da ƙasa."

Ya kawo sabon iri, amma bai taɓa cewa in zubar da waken kakana ba. Muka shuka su kunya kusa da kunya, bara da bana. Ya ce, "Saiwa za ta yi mana shari'a." Shi ne kuma ya zauna a zaure ya roƙi 'ya'yana su ɗaga wa gonar ƙafa zuwa daminar bana.

Da muka fito daga maƙabarta, ƙasar kabarinsa na hannuna, ban shiga gida ba. Na ja Lawal, babban ɗana, muka wuce gona. Na tona yadda marigayi yake tonawa. Waken kakana ƙullinsa kaɗan ne, nasa irin kuwa saiwar cike take, kowanne na fasa jajir. Geron da ya biyo bayan wakensa na bara ya wuce kaina. Lawal ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Baba, a bar maganar bulo."

Malam, ka ci shari'ar, ga shi ba ka nan balle in faɗa maka.

Allah ya jiƙansa, ya yalwata kabarinsa, ya sa ƙasar da bai raina ba ta yi masa sauƙi. Allah ya ba mai ɗakinsa haƙuri, ya raya 'ya'yan da ya bari. Amin.