Kuɗin Gwaggo da Motar Rake

Gwaggona, yayar babanmu, ta fi shekara talatin tana matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli a Matameye. Tun da na fara koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, take ba ni ajiyar kuɗinta. A cewarta, mutumin da rowa ta hana shi cin nasa ba zai taɓa na wani ba. Ban taɓa jin haushin maganar ba, don ajiyar nan ita ce girmana a gidanmu.

Wata shekara 'yan kasuwar rake suka buɗe haɗin jari. Sukan sayi rake tun yana tsaye a fadamar Dungu, su sare, su loda a manyan motoci zuwa arewa. In an yi sa'a kuɗi ya ninka. In mota ta yi kwanaki a hanya rake ya bushe, ko uwar kuɗin ba a gani. Alhajin da ke jagorantarsu ya kafa sharaɗi: mai shago ko garken shanu ya shiga kai tsaye, wanda ba shi da su kuwa sai wani mai albashi a danginsa ya sa masa hannu. Ya ce ba ya son kukan talaka a ƙofar gidansa, ni ma a lokacin na ga hankalinsa.

Gwaggo ta same ni da hantsi, hannunta duk mai. Mushe take kirana don tsokana, yadda 'yan lakwal ke kiran malaminsu.

"Mushe, rabin kuɗina zan zuba a rake. Ka je ka sa mini hannu."

"Gwaggo, kin san ana asara a abin nan?"

"Na riga ka sani. Injin markaɗe nake so. In na bi ta tarin dala-dala, sai na shekara goma, kuma kafaɗun nan ba za su kai ba."

Na ƙi. Na yi mata bayani irin wanda nake wa 'yan aji, har da zane a ƙasa. Ta saurara har na gama, ta ce, "Da na sayi gyaɗa da tsada ta faɗi, wa ya sa mini hannu?" Ta koma bakin turminta.

Sai ga shi motar da suka loda raken ta lalace a tsakiyar hanya. Kafin a samo kayan gyara, raken ya zama kara. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Kunyar wannan daɗin har yau ba ta sake ni ba.

A garinmu in asara ta sami ɗan kasuwa, ana zuwa yi masa jaje kamar an yi gobara. Na raka Gwaggo zauren Alhaji, ina tafe ina jiran ta gode mini. Waɗanda suka zuba kuɗi suna zaune a kan tabarma ɗaya, mutane na shigowa suna cewa Allah ya mayar da alheri. Su kuma har sun fara shawarar baɗi: wace mota za a ɗauka, wace gona za a riga kowa. Alhaji ya ga Gwaggo, ya yi murmushi ya ce, "Ke dai ki gode wa ɗanki, ya tsare ki." Ta yi jajenta a tsaye, muka fito.

A hanya na kasa haƙuri. "Kin gani ko, Gwaggo?"

"Na gani," in ji ta. "Su an yi musu jaje irin na 'yan kasuwa. Ni an shafa mini kai kamar yarinya."

"Amma kuɗinki na nan."

"Suna nan. Sai dai yau na gane ba nawa ba ne, tunda sai da izininka zan yi asararsu."

Har yanzu ina ganin Alhaji da kyakkyawar niyya ya yi sharaɗinsa, ni ma haka. Sai dai duk cikinmu babu wanda ya taɓa yini a bakin turmi, kuma babu wanda ya tambaye ta nawa za ta iya jurewa.

Washegari da safe ta zo da kanta, ta shimfiɗa ɗankwali a gabana. Na juye mata kuɗin, ta ƙulle ba tare da ta ƙirga ba. Ba ta yi faɗa ba, har ta bar wa matata kwalbar mai. Ta ci gaba da tsokanata da Mushe har ƙarshen rayuwarta, amma ko dala ba ta sake ba ni ajiya ba.