Hashimu, Ɗan Farin Hajara

Na Allah ne mu, wurinsa za mu koma. Ranar Talata, takwas ga Yunin 1999, wani soja mai suna Bala ya yi sallama a gidanmu na Ƙofar Sauri, ya cire hula, ya ce ka rasu tun watan jiya a dajin Saliyo. An tura ku ku ƙetare kogi ku ƙwace wani gari, aka ce 'yan tawayen ciki harsashinsu ya ƙare. Ashe bai ƙare ba. Ɗaukin da aka yi muku alkawari bai zo ba, aka ja da baya, aka bar ka can. A rediyo kuwa ana ta murna sojoji sun miƙa mulki sun koma bariki. Manyan ne suka koma, Hashimu.

Ni kawunka, da na koyar da labarin ƙasa har furfura, sai da na ɗora yatsanka a kan taswira kafin ka ga Saliyo. Ka ce, "Kawu, ai ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba." Duk hutun da ka zo sai ka kwance mini Vespa ka ɗaure, kusoshi su yi ragowa, ka rantse kamfani ne ya yi almubazzaranci. Tsofaffin layinmu kuma ba sa sayen ruwa in kana gari.

Kai ne ɗan farin ƙanwata Hajara, don haka ba ta taɓa kiran sunanka ba, kai "wancan yaron" ne. Ranar tafiyarka ta shige madafi ta ƙi fitowa. Ka tsaya a ƙofa da jaka, ka ce, "Inna, na tafi." Tukunya ta kalla ta ce Allah ya kiyaye hanya. Muka yi dariya, har na yaba mata kunya.

Mun yi maka salla ba gawa. Mata suka cika gida, ita tana raba musu ruwa, ido a bushe. Da aka watse ta same ni a zaure.

"Yaya, ya taɓa ce maka ba ni son shi?"

Na ce bai taɓa ba, ya sani sarai. Ina fata gaskiya na faɗa.

Sai ta ce, "Hashimu." A hankali, kamar mai gwada ko bakinta zai iya. Ta sake faɗa, ta sake. Ban san inda zan sa fuskata ba.

Allah ya jiƙanka, ya karɓi shahadarka, ya haskaka makwancin da ba mu san inda yake ba. Ina yi wa mahaifinka Malam Dabo da ƙanwarka Binta ta'aziyya. Hajara kuwa, Allah ya haɗa ta da kai a Aljanna, ta kira ka, ka amsa. Amin.

Mahmud, Ƙofar Sauri, Katsina