Yadda Na Kori Ɗan Tani Daga Burkusuma

Ni ban taɓa haura katangar kowa ba, ban taɓa kwance akuyar kowa ba. Da farar riga aka kai ni gidan yari a Sakkwato, da alƙalami soke a aljihu. Na fara da wannan ne saboda samarin da ke tsammanin ɓarawo sai mai ƙazamin wando da wuƙa a ƙugu. Na kwana da irin waɗannan a ɗaki ɗaya, kuma wallahi yawancinsu sun fi ni mutunci.

A Isa aka haife ni, ubana manomi ne, gero da dawa, ba ya cin na kowa. Da aka zo neman yaran da za a sa a elementare, masu hali suka ɓoye nasu, aka kama ni. Uwata ta yi ta kuka kamar an kai ni lahira. Na fito na iya karatun boko, aka ba ni aikin malamin kasuwa, ina zagaya Isa da Sabon Birni da ƙauyukan da ke tsakaninsu. Albashin ba yawa, amma yana ci da ni, kuma mutane suna gaishe ni da Malam.

A zamanin nan na Turawa akwai jaridar Hausa da ke zuwa mana. Jirgin ƙasa ke kawo ta Ƙaura Namoda, daga nan mota ta ƙaraso da ita Isa, wani lokaci ta tsufa kafin ta iso. Wata damina gulbi ya cika ya yanke hanyar Sabon Birni, fatake suka yi kwanaki a bakin ruwa kayansu na ruɓewa. Abin ya ba ni haushi, na rubuta na aika wa jaridar. Suka buga. Suka kuma ce in riƙa aiko musu da labarin ƙasarmu, musamman na siyasa, don a lokacin ne jam'iyyu suka fara shigowa da laccoci da tutoci. Ranar da na ga rubutuna da baƙin inji ban iya cin tuwo ba don murna. Kuma gaskiya na rubuta a wannan karon, ko kalma ɗaya ban ƙara ba.

To, ga al'adar da ta kai ni ga halaka. Masu karanta boko a ƙasarmu ba su da yawa, don haka ran kasuwa, bayan azahar, sai in tsaya gindin tsamiya kusa da mahauta in karanta wa jama'a jarida da ƙarfi. Fatake, manoma, Fulani masu tallar nono, kowa ya matso. Su a wurinsu abin da aka buga ba maganar mutum ba ce, magana ce da ta bi ta hannun Gwamna. In gardama ta yi zafi a zaure, wani ya ce "an buga", shi ke nan bakin kowa ya mutu.

Wata rana wani mahauci ya ja ni gefe ya danƙa mini cinyar rago, ya ce, "Malam, kullum sunan wasu kaka kira. Ni ba mutum ba ne? Sa ni ciki mana." Ran kasuwa na gaba ina karanta labarin waɗanda suka taimaka wajen gyaran hanya, sai na jefa sunansa a tsakiya. Babu shi a takardar. Na ɗaga kai na dubi jama'a. Ba wanda ya motsa, sai shi mahaucin da ke washe baki yana karɓar barka. A nan na gane cewa takardar da ke hannuna za ta faɗi duk abin da na ga dama.

Daga cinyar rago aka koma zabi, daga zabi aka koma riguna. Wanda ya ba ni, in yabe shi a jarida. Wanda ya hana, in matsa kusa da shi in ce na ji ana shirin buga wani abu a kansa, amma ina iya tarewa. Na ajiye aikin kasuwa gaba ɗaya. Ubana ya kira ni ya ce bai gane irin noman da nake yi ba da ake girbi ba shuka. Na ce masa zamani ne ya wuce shi. Har yau in na tuna na faɗa wa wannan dattijo haka, sai in ji kamar in mari kaina.

Ana nan sai zaɓe ya matso. Akwai wani Alhaji Mainasara, dillalin gyaɗa a Sabon Birni, shi ne jagoran ɗaya daga cikin jam'iyyun a yankin. Akwai kuma wani bafatake a Burkusuma, can bakin iyaka, ana ce masa Ɗan Tani. Jakuna ne da shi, yana kai goro da yadi ƙasar Faransa da ke ƙetaren iyakar, ya dawo da kanwa da dabino. Ba shi da sarauta, ba shi da boko, amma mutanen Burkusuma suna jin maganarsa domin bai taɓa tauye mudu ba. Ya ce a fili ba zai bi Alhaji ba, tunda Alhaji na danne manoma a awon gyaɗa. Mutanen garin suka ce inda Ɗan Tani ya sa ƙafa nan za su sa.

Alhaji ya kira ni zaurensa, ya nuna mini sabon keke jingine da bango. Ya ce, "Ba ni son a taɓa lahiyatai. Ka dai tsorata min shi, shi kama bakinai har zaɓe shi wuce." Na ce, "Ranka shi daɗe, an gama." Ko tambayar abin da mutumin ya yi mini ban yi wa kaina ba, idona na kan keke.

Ran kasuwar Sabon Birni na tsaya inda na saba. Na hangi Ɗan Tani a bakin taro yana kwance wa jaki mangala. Na buɗe jarida a shafin da ke maganar farashin auduga, na gyara murya, na karanta cewa labari ya kai ga Gwamna wani Ɗan Tani na Burkusuma yana shigo da albarushi da bindigogi daga ƙasar Faransa cikin buhunan kanwa, kuma an ba 'yan doka umarni su kama shi duk inda suka gan shi. Mutanen da ke kusa da shi suka fara ja da baya.

Ya ratso taro ya zo gabana. Bai yi ihu ba, bai zage ni ba. Ya ce, "Malam, gwada min wurin da anka rubuta ni." Na ɗora yatsa a kan kalmar auduga. Ya sunkuya ya dube ta, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, "Allah shi ne shaidata," ya juya. A ranar ya ƙetare iyaka. Ya bar geronsa tsaye a gona, ya bar matarsa, ya bar tsohuwar uwarsa da ba ta da wani ɗa sai shi.

Na zaci zai yi kwana biyu ya dawo. Bai dawo ba. Zaɓe ya wuce, Alhaji ya samu abin da yake so, ya ba ni keken, ya manta da akwai wani Ɗan Tani a duniya. Wadda ba ta manta ba ita ce uwarsa. Kowace ran kasuwa sai ta tako da ƙafa daga Burkusuma, ta zauna gindin tsamiyar nan har in gama karatu, sannan ta matso ta ce, "Ɗana, yau an buga Gwamna ya yahe mai?" In ce, "Tukuna, Inna, sai dai wani mako." Har ƙwai take kawo mini a ƙoƙo don in sa baki a wurin masu bugawa, ni kuma in karɓa. Ku ji fa! Kalma ɗaya ce za ta dawo mata da ɗanta, kuma a bakina take. Tunda na iya ƙirƙiro laifin, ai na iya ƙirƙiro yafiyar. Amma ina tsoron Alhaji ya karɓe kekensa.

Asirina ya tonu a kasuwar Isa. An turo wani malamin dabbobi don yi wa shanu allura, ashe yana da tasa jaridar a aljihu, irin wadda ke hannuna. Ina cikin karanta wani sharri da na shirya wa wani mai shago, sai ya ce, "Malam, a wane shafi kake?" Na faɗa masa. Ya buɗe, ya karanta abin da ke wurin da ƙarfi. Labarin rijiyoyi ne. Ba don 'yan doka sun iso da wuri ba, da mahauta sun gama da ni, kuma na gaba-gaba a cikinsu shi ne mai cinyar ragon nan.

A gaban alƙali mutane suka yi ta fitowa, kowa da abin da na karɓa a hannunsa. Na ambaci Alhaji Mainasara. Aka kira shi, ya zo da babbar riga yana ƙamshin turare, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Wanga yaro? Na dai san shina karatu kasuwa. Keke kau aro yay yi, ina son abina." Aka ba shi kekensa, aka ba shi haƙuri a kan ɓata masa lokaci, ni aka sa mini ankwa. Ban ce ban cancanci ɗauri ba, na cancanta har da ƙari. Abin da ke ƙona mini rai shi ne wanda ya aike ni ya koma gida a kan doki, har yau ana faɗuwa ana gaishe shi.

Na yi shekaruna a gidan yari ina fasa dutse da kwasar bahaya. Ubana ya rasu ina ciki. Ban ga gawarsa ba.

Da aka sake ni ban tsaya Isa ba, na wuce Burkusuma. Na tarar Inna, uwar Ɗan Tani, ta rasu. Matarsa ta gaji da jira, alƙali ya raba auren, ta koma garinsu. Gidan ya zube, sai tunfafiya a tsakar gida. Maƙwabta suka ce sun aika masa tun tuni cewa ƙarya ce, ya ƙi dawowa. Na tambayi inda yake, na bi hanyar Madawa har wani ƙauye, na same shi yana kora wa wani Buzu jakuna, mutumin da a da yake da nasa. Na durƙusa a gabansa na ce, "Baba Ɗan Tani, ƙarya niy yi maka. Babu sunanka cikin jaridar nan. Gwamna bai san da kai ba. Taho mu koma gida."

Ya ce, "Na ji an ɗaure ka. Amma ni da idona nig gani, kai kag gwada min da yatsa."

Na ce, "Auduga ta, Baba. Kalmar auduga ta nig gwada maka."

Ya ce, "Da kac ce sunana na, yanzu ka ce auduga ta. Wane baki za ni kamawa cikin biyun? In koma a ɗaure ni kan maganar wanda anka ɗaure don ƙarya? Tahi ka kawo min jarida wadda anka buga Gwamna ya yahe min. In ba wani ita shi karanta min, ba kai ba. Rannan za ni gida." Game da gafarar da na roƙa, ya ce in je kabarin Inna in fara tambayarta.

Na dawo na rubuta wa masu jarida na roƙe su. Suka amsa cewa ba za su iya janye abin da ba su taɓa bugawa ba, kuma kada in ƙara rubuto musu. Ban ga laifinsu ba. Na tuba, na koma gonar ubana, ina noma ina istigfari, amma tuban bai dawo da kowa gida ba.

Ku samari da kuka yi boko, yanzu kun yi yawa, kowa na son a ce masa ɗan jarida, yana bin manya a lacca ana cusa masa abu a aljihu. Ku saurare ni. Ranar da aka fara miƙo muku nama don ku ƙara suna ɗaya, ku mayar, ko da yunwa kuke ji. In babban mutum ya ce ku tsorata masa wani, ku tashi ku bar zauren, domin ran shari'a ba zai san ku ba. Kuma in wanda bai iya karatu ba ya miƙo muku takarda ya ce ku duba masa, ku sani ransa ya danƙa muku. Ni na sha ɗaurina na fito. Ɗan Tani, wanda bai yi komai ba, yana can bayan iyaka ya tsufa a bayan jakunan wani, duk bafataken da ya fito daga wajenmu sai ya tare shi ya tambaye shi ko an buga.